Kuka Kan Tsayar da Jikana a Layin Kashiya Kafin Ya Ga Malamarsa

Zuwa ga: Shugaban Asibiti
Ta hannun: Shugabar Sashen Koya wa Yara Amfani da Hannu
Daga: Tsohon kafinta, mai shago a bayan tashar mota
Kwanan wata: Litinin, 10 ga Maris

Game da: Sabon tsarin biyan kuɗi ga marasa inshora, da abin da ya jawo wa jikana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina kawo kuka a kan jikana ɗan shekara shida, wanda ma'aikatanka ke kira Shiru-shiru. An haife shi yatsunsa ba sa yi masa biyayya, kuma hayaniya tana firgita shi. Likitanku ne ya tura mu wannan sashe. Ubansa direban haya ne, ba shi da inshora, don haka ni nake biya daga aljihuna kowace Alhamis. Ban taɓa zuwa da rabin kuɗi ba. Ba ragi na zo nema ba, a fahimce ni tun daga nan.

1. Tun farkon Janairu aka sauya tsari. Mai inshora yana wucewa kai tsaye ɗakin malama a lokacin da aka ba shi. Mu masu biya da hannu kuwa, sai mun biya a ranar, mun kawo rasit, sannan a sa mu a jeri. Kashiya kuma ba ya karɓar kuɗi sai ya ga yaron da idonsa, wai kada a biya da katin asibitin wani. Na roƙa in biya na wata guda gaba ɗaya, aka ce na'ura ba ta san wannan ba. To, ashe na'ura ce shugaba yanzu.

2. Ban sani ba ko ranka ya daɗe ya taɓa zama a zauren biyan kuɗin nan da safe. Lasifika na kiran lamba, gadon tura marasa lafiya na ƙara, kowa na ɗaga murya. Yaron nan yakan toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci, ni da gwiwoyina na tsufa in durƙusa ina lallashi, jama'a na kallonmu kamar ba mu ba shi tarbiyya ba. Kafin rasit ya fito, ya gama galabaita.

3. A lokacin kuma malamarsa, wadda yake kira Anti Mai Kumfa saboda da wasan kumfar sabulu take fara masa, ta riga ta ɗauki wani yaro. Sai a miƙa mu ga duk wanda ba shi da aiki a hannu. Ba na zargin kowa cikinsu, mutanen kirki ne. Amma yaron nan ba ya ba baƙo hannunsa. Anti Mai Kumfa ita kanta sai da ta sha haƙuri kafin ya yarda ta taɓa yatsunsa. Ranar 27 ga Fabrairu, da aka miƙa mu ga wani baƙo, ya juya wa ɗakin baya, ya kalli bango har lokaci ya cika. Na biya kuɗin kallon bangon cif.

4. A watan Disamba ya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Gidan kaf muka taru a kansa, kakarsa har da hawaye. Yau hannuwansa a hammata yake ɓoye su. Makarantar da ta ce za ta karɓe shi idan ya iya riƙe fensir tana jiranmu, mu kuwa baya muke ja.

Saboda haka ina roƙon ranka ya daɗe, cikin ladabi, da a ba ni damar biya tun kafin ranar, ni kaɗai, ba tare da yaron ba; a kuma tsayar masa da lokaci ɗaya da malama ɗaya kamar yadda ake yi wa ɗan mai inshora.

Ina neman amsa kafin Alhamis mai zuwa. Uwarsa ta ce ba za ta ƙara yarda a kai mata ɗa inda zai dawo yana rawar jiki ba. Da ƙyar ta ara mini zuwan wannan Alhamis ɗin kaɗai, kuma idan ta hana na gaba, ba ni da bakin ce mata ba ta da gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka duba da idon rahama.

Naka cikin biyayya,
Tsohon kafinta, kakan Shiru-shiru