Waliyyi a Ƙarƙashin Tumatir

Toledo, 4 ga Mayu

Matata Loretta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Mama? Ki gaishe min da ita. Ni lafiya lau, sai kewarki tun da kika tafi jinyarta, har karenmu ya gaji da surutuna.

Na ga lauya jiya. Ta ce yafiyar da kotu ta yi mana a baya bashin asibiti ta share, na gida kuwa yana nan daram, ga biyan wata-wata da ya taru tun da masana'anta ta rage mana aiki. Amma za mu iya sake shigar da takardar karayar arziki. Da mun sa hannu za a dakatar da gwanjon gidan da banki ke shirin yi, mu yi shekara biyar muna biya ta hannun kotu. Zan ɗage ritaya, wuya ba ta kisa. Gidan da kika shiga kina amarya ba mai fitar da ke ina numfashi. Ga takardar, ki sa hannu ki dawo da ita.

Mijinki,
Casimir

Toledo, 9 ga Mayu

Loretta,

Ina gaisuwa. Ya mai jiki?

Yau ina haƙa ramin tumatir a gindin taga sai shebur ya ci karo da ɗan mutum-mutumin Waliyyi Yusufu, a binne, kansa a ƙasa. Ni da ke mun san a al'adarmu ba a binne shi haka sai ana roƙonsa ya kawo mai sayen gida. An naɗe shi da ƙyallen tsohon labulen ɗakin girkinmu, don haka kada ki ɗora wa kare.

Na wanke shi, ga shi kan tebur muna kallon juna. Raina ya sosu, ba zan ɓoye miki ba. Ashe ina ja gaba, kina ja baya?

Naki duk da haka,
Casimir

Erie, 14 ga Mayu

Tsohona,

Na amsa gaisuwa. Mama ta fara takawa. Kana shan maganinka kuwa?

Ni na binne shi, ran da aka sallamo ka daga asibiti da ciwon zuciya. Na kasa faɗa maka ne don na ɗauka ranka na kan gidan nan, ashe kai ma don ni kake wahala. Kai ka ga wauta irin tamu.

Ba bango na aura ba, Casimir. Shekara biyar ɗin nan ni nake so ka ba, ba banki ba. Ga takardarka na dawo da ita ba sa hannu. Ka tambayi lauya ko akwai sauran lokacin da za mu sayar da gidan da kanmu kafin gwanjo.

Ka mayar da bawan Allah raminsa, kansa a ƙasa, ya ƙarasa aikinsa. Tumatir kuwa ka dasa su a tukwane, da su za mu tashi.

Matarka har kullum,
Loretta