Na Bar Cin Burodi, Mama Ta Kira Ni Da Sunan Marigayiya

Anti Smaranda, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a nan garinmu Suceava na ƙasar Romaniya ba tare da ta koma kunnen mahaifiyata ba.

Shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a shagon sayar da tabarau. Wuni nake a zaune, ga gidan burodi manne da shagonmu, cikin shekara biyu na ƙara kilo biyar. Ba wata ƙiba ba ce ta a zo a gani, wandunana ne dai suka daina rufuwa. Abokiyar aikina Ruxandra ta bar burodi da dankali da taliya da sukari, ta koma nama da ƙwai da cuku da ganye, ta ɗan faɗa, ta yi kyau abinta. Na ce bari in gwada. Yau sati uku, kilo biyu sun tafi. Da a wani gida ne, da magana ta ƙare a nan.

Ina da yaya, Otilia, ta girme ni da shekara bakwai. Tana ajin ƙarshe a sakandare ta fara rage abinci saboda rigar da za ta sa ranar bikin gama makaranta. Ita ma da burodi ta fara. Bayan shekara biyu ta rasu a asibiti a birnin Iași, zuciyarta ce ta tsaya. Tana da ashirin, ina da sha uku. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Baba ya ɗauko sikelin banɗaki ya farfasa shi da gatari. Tun daga ranar ba mai cewa wani ya yi ƙiba ko ya rame a gidanmu. Mama takan zuba mini abinci, ta tsaya a kaina sai ta ga ƙasan faranti.

Lahadin da ta wuce na je gida cin abincin rana bayan coci. Mama ta tuƙa mamaliga, ta juye tuwon masarar a kan katako ta yanka da zare, ta sa mini ƙaton yanki. Na ci nama da cuku, na tura tuwon gefe. Ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ai na ɗan taɓa wani abu kafin in taho." Anti, ban shirya ƙaryar nan ba. Maganar Otilia ce sak, har da ɗan murmushin da take raka ta da shi. Mama ta ajiye cokali ta ce, "Otilia, ko loma biyu ce ki daure." Ba ta ma san sunan da ta kira ba. Baba ya tashi ya fita, na jiyo shi yana faskare, alhali rumfa cike take da itace.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da Otilia ta fara, ni ce nake cinye mata burodin. Takan miƙo mini ta ƙarƙashin tebur, ta kashe mini ido, ni kuma in cusa a baki ina jin ni ce aminiyarta. Kusan shekara guda muka yi haka, Mama tana murna wai ta soma ci. Da na yi magana tun lokacin, da an kai ta asibiti da wuri. Kullum na ɗauki burodi sai abin ya faɗo mini, yanzu da na ajiye shi kuma abin ya fi muni.

Kowace safiya sai na tsaya a kyamis na hau sikelinsu. Idan yunwa ta kama ni da rana, sai in ji wani irin daɗi, jikina sakayau, kamar na ci jarrabawa. Shagonmu ko'ina madubi ne. Ina miƙa wa mutum tabarau sai in hango haɓata ta gefe, in ga ta Otilia. Da ba ma kama ko kaɗan. Ruxandra ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, kilo biyar ne fa, ba mutuwa za ki yi ba." Ba ta san ina da yaya ba.

Nan da sati biyu za a yi wa Otilia addu'ar cika shekara sha ɗaya da rasuwa, Mama za ta dafa koliva. Alkama ce zalla da sukari, kuma kowa sai ya ɗanɗana. Shin ba ni da ikon rage kilo biyar kamar kowace mace? Ko hanyar Otilia na hau ban sani ba?

Ƙanwar da ta rage, Suceava.

*

'Yata, zan fara da abin da ya fi nauyi. Yarinya mai shekara sha ɗaya ba ta kashe kowa ba. Ciwon ne ya koya wa yayarki dabarar ɓoyewa, da ba ki karɓa ba, da aljihu ko kwandon shara ya karɓa. Manya biyu suna zaune a teburin nan ba su gani ba, su ma ban ɗora musu laifi ba, balle ke.

Kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Jikinki naki ne, son rage kilo biyar ba zunubi ba ne, kuma mutane da yawa suna rage burodi da sukari su zauna lafiya. Ba za ki ci gaba da ciye-ciye har tsufa don kwantar wa mahaifiyarki hankali ba.

Amma ke ba Ruxandra ba ce. Wannan ciwo yakan bi dangi, kuma da hannunki kika lissafa mini abubuwa uku da ba su yi mini daɗi ba: ƙarya a kan abinci, hawa sikeli kullum, da jin daɗin yunwa. Ban ce kin kamu ba, ba ni da ikon cewa haka daga wasiƙa. Na ce dai tsoron iyayenki yana da tushe.

Saboda haka ki dakatar da tsarin nan daga yau. Ki bar hawa sikelin kyamis. A satin nan ki ga likitanku, ki gaya masa labarin Otilia kafin ki ambaci kilo, ki nemi ya tura ki wurin ƙwararre kan matsalar cin abinci. Idan an duba an ce ki rage, a tsara miki yadda ba za a haramta miki komai ba: abinci sau uku a rana, burodi daidai misali, da tafiya a ƙasa. Koliva kuwa ki ci, cokali biyu ba sa mayar da kilo.

Ki sami mahaifiyarki, ba a gaban abinci ba, ki ce mata kin yi ƙarya ranar Lahadi, kuma kin nemi likita. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi. Zancen ƙarƙashin tebur ki fara kai shi wurin ƙwararren, shi zai taya ki ganin lokacin da ya dace ya isa gida.

Abu na ƙarshe. Gobe da safe ki karya da yanki biyu na burodi. Idan ya wuce lafiya, madalla, ki bi sauran a hankali. Idan kika ga hannunki ya ƙi kai shi baki, kada ki jira sati, ki tafi asibiti ranar, kuma ki tafi da wani naki.

Allah ya jiƙan yayarki, ya sanyaya zuciyar iyayenki, ke kuma ya ba ki tsawon rai da lafiya.

Anti Smaranda