Baƙin Tukunyar Inna

Kalgo, daren Litinin

Maigidana Malam lafiya lau, jikoki ma haka. Ɗiyata Hadiza ce ba lafiya, an tabbatar ƙullutun ƙirjinta ciwon daji ne.

Ɗana Bello ya kira daga jami'a, na sa ya faɗa mini bincikensu a hankali ina rubutawa, don hannuna bai saba da biro ba. Ya ce, "Umma, wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Sukan bi jini su manne wa dajin, na'ura ta haska su, sai a kai magani da zafi daidai wurin."

Sai na tuna ƙuruciyata a Gwandu. In ƙaya ta karye mini a ƙafa, Inna mahaifiyata takan shafa baƙin tukunya ta goge, wurin ya fito, ta sa allura sau ɗaya. Ita kuwa da daji ya kama ta, ba wanda ya ga inda yake.

Na ce, "A yi wa Hadiza mana." Ya ce gwaji ake tukuna, zai tambayi malaminsa.

Alhamis za a yi mata aiki. Bello dai ya amsa mini kafin ranar, ko da a'a ce.