Auren Wardin Inna

Zuwa ga Yaya Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma damshin Duwala bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗa kasuwa. Baba na nan da sauƙi, ƙafar ce dai, har yanzu a zaune yake sallah. Ni jikina ƙalau, zuciyata ce ke tafasa, kuma na fi so ka ji dalili daga gare ni kafin ƙanenka Taufiƙ ya aiko maka da nasa labarin.

Ka tuna jan furen wardin da marigayiya Inna ta kawo daga Ngaundare, wanda kowa ya ce zafin Garwa zai kashe shi, ta raine shi da ruwan alwalarta? Tun rasuwarta yake ramewa, gara ta ci saiwarsa. Na kira maƙwabcinmu Wilfried, mutumin Poli, mijin Henriette, mai lambu a bakin Binuwai. Ya ce uwar ba za ta kai baɗi ba, amma za a ceci irinta in aka yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ya kawo wani wardi mai jure rana ya dasa a bayan gida, ya tsaga ɓawonsa da 'yar wuƙarsa, ya ɓanɓaro idon toho daga na Inna ya cusa, ina riƙe da reshen yana ɗaurewa da leda. Ko ruwa bai yarda ya sha ba, ya ce Inna ta ciyar da shi lokacin da ya zo garin nan bai san kowa ba.

Ranar Juma'a ya leƙo duba aikin, yana fita sai suka yi kiciɓis da Taufiƙ a zaure, dawowarsa ke nan daga Mayo-Oulo. Ka san Hausar Wilfried ta kasuwa ce. Da fara'arsa ya tare shi, ya ce ya yi murna, shi da ni mun yi aure a bayan gida, auren ya kama, har ya fara kumburi. Yaya, Taufiƙ bai tambayi kowa komai ba. Addar da nake sare ciyawa da ita tana jingine a bango, ya fizge ta ya kai wa mutumin sara a ka. Wilfried ya ɗaga hannu ya kare fuska, addar ta sauka a kan hannun. Ihunsa ne ya fito da ni. Na tarar da shi durƙushe, jini na tsartuwa har bangon zaure, babban yatsansa da manuni suna reto da fata.

Na riƙe Taufiƙ ina ce masa fure ne, fure ake nufi, ya kifa mini marin da ya fasa mini leɓe, ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba. Ya wuce bayan gida yana saran duk abin da ya gani, wardin Inna ma ya sare shi har ƙasa. Baba ya rarrafo daga ɗaki yana kiran sunansa, ko waiwaye bai yi ba. Da ƙyar maƙwabta suka danne shi. Kafin la'asar 'yan'uwan Wilfried sun cika ƙofarmu da sanduna da duwatsu, sun farfasa tagogi, ɗaya na riƙe da galan na fetur. Henriette ce, zaninta jiƙe da jinin mijinta, ta tsaya a bakin zaure ta ce duk mai son ƙona gidan Inna Kaltumi ya fara da ita. Haka suka tsaya har jandarmomi suka zo suka tafi da Taufiƙ.

A asibiti an cire yatsun biyu. Yanzu dangi sun dame ni in je in roƙi Henriette su janye ƙara. Taufiƙ ma ya aiko, wai laifin Wilfried ne da bai iya Hausa ba. Shi fa, da ya tashi yana shan mangwaron aure a tsakar gidan nan! Hausa ya ji sarai, ni ce bai yarda da ni ba. Na san kai za su turo mini nan gaba, shi ya sa na riga su. Kada ka roƙe ni, Yaya, ba zan iya ba.

Reshen da aka yi wa auren ya tsira, addar ta tsallake shi, idon ya fashe da jan toho. Jiya Henriette ta shigo ta ce mijinta ya ce in yanke ledar kafin ta shaƙe tohon. Ta miƙo mini 'yar wuƙarsa. Na ce zan mayar da yamma, ta ce in riƙe, ba shi da abin kama ta kuma.

Ka gaida Anti Nafisatu da ƙaramin Adamu. Baba na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Khaula