Kishin Bukar na Yassa

Zuwa ga Raliya, sanyin kogin Wouri bayan la'asar, ƙamshin ƙasar unguwar New Bell in ruwan farko ya sauka, fitilar da ɗauke wuta bai taɓa kashewa ba,

Bayan gaisuwa mai nauyin da ya rinjayi kwantenonin tashar jirgin ruwa, ni Abdulganiyu, mai karanta gaishe-gaishen jama'a kowace Alhamis a rediyon kwalejinmu, ina rubuto miki cikin ruɗanin da ban san kansa ba balle ƙafarsa.

Kin san tashar. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wasu ɗalibai suka share ɗakin ajiye tsintsiya, suka liƙa kwalayen ƙwai a bango, suka ɗaura eriya a kan gora, suka kira wurin gidan rediyo. Duk aikin sa kai ne, kowa da ranarsa. Muryarmu takan kai har unguwar Deïdo in gari ya yi haske, in hadari ya taso kuwa ko ƙofar kwaleji sai da lallashi. Waɗannan magabata masu girma sun bar mana dokoki biyu a bayan ƙofa: duk takardar da aka jefa a akwatin gaisuwa a karanta ta yadda take, kuma ma'aikaci ba ya gaida nasa. Wanda ya karya ta biyu ya ajiye makirufo, ya ɗauki tsintsiya har ƙarshen shekara.

Kin tuna ranar da kika zo jefa takardar gaida Umma, ruwa na zuba, kika riƙe lema a kan akwatin, ke kuwa kina jiƙewa? Ya ke farin wata mai tausayin takarda! Ranar sau uku na karanta sanarwar jarrabawa ban sani ba.

To yaya zan yi? Zuciya ta ce a gaishe ki, bayan ƙofa ya ce a'a. Sai na ƙirƙiri mutum. Na yi rubutu da hannun hagu, na raɗa masa suna Bukar na Yassa, na jefa a akwati. Mako bakwai ina karanta miki saƙonsa da muryar wanda babu ruwansa.

Alhamis da ta wuce na zaro takarda da rubutunki: "A gaida Bukar na Yassa, wanda kalamansa suka hana ni karatu. In da gaske yake, ya zo ya gaida Baba." Doka ta ce a karanta, na karanta. Mariam, shugabar tasha, har ta leƙo tana tambaya ko zazzaɓi ne ya kama ni.

Tun daga ranar ban san ko murna zan yi ko zaman makoki ba. In kin gane ni ne, me ya sa jiya a bakin laburare kika wuce ni kamar turken lantarki? In ba ki gane ba, ke nan an ƙwace mini ke, kuma ni na kawo ɓarawon, na ba shi biro! Da me ya fi ni? Kalaman nawa ne, muryar tawa ce, shi ko uwa ba shi da ita sai hannuna na hagu. Duk da haka na kama kaina ina hararar ɗan acaɓa don kawai ya ce unguwar Yassa za shi. An ce ma wani Bukar na gaske, direban babbar mota a can, ya fara karɓar barka.

Ga roƙona, ya sarauniyar masu lema. Ki sake jefa takarda kafin Alhamis. In ni kike nufi, ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa Bukar na Yassa shi ne Abdulganiyu. Zan karanta ta yadda take, Mariam tana ji, in miƙa mata makirufo, in share ɗakin nan har ƙarshen shekara ina murmushi. In kuwa har yanzu Bukar ne, ita ma zan karanta, domin doka ce. Sai dai ki sani, mutumin nan ba shi da ƙafar zuwa gaida Baba, sai in ya ari tawa.

Naki har Wouri ya ƙafe, da hannun dama da na hagu,

Abdulganiyu