Kwaɗon Ɗakin Direba

Zuwa ga maigidana, Baban Direba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Ina fata ƙafar nan da ke damunka ta saki.

Albishirinka, ƙirjin Direba ya fara sauƙi. An cire masa robar iska daga hanci, an kuma fito da shi daga ɗakin gilashin nan da nake tsayawa daga waje ina ƙwanƙwasa masa da yatsa. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ƙarshen mako za a sallame mu. Sharaɗinsa ɗaya, kada yaron ya shaƙi ƙura ko hayaƙi ko turare, don asmarsa ba ta da haƙuri.

Ka tuna kwaɗon nan na katun ɗin talabijin, mai jar hular kwano da ke tuƙa motar kashe gobara? Ranar da ɗanka ya kafe ya ƙi shan magani, na yi masa alkawarin in ya sha zai tarar da kwaɗon a bangon ɗakinsa. Ni hotunan mannawa na yi niyyar saya, sai ƙanenka Mai Fenti ya yi mini dariya, wai shi da ke zana bayan manyan motoci ba za a manna wa ɗansa takarda yana raye ba. Ya kwaso gwangwanayen fentin mota ya hau aiki. Bakinsa ya fi hannunsa sauri, amma gaskiya kwaɗon ya fito, har sheƙi yake yi. Ni ce mai riƙe masa tsani.

Ka ci gaba da yi mana addu'a.

Taka,
Maman Direba

Baban Direba,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. 

An mayar da Direba ɗakin gilashi. Jiya da muka gama tayoyin motar kwaɗon, ɗoki ya hana ni ko canza kaya, na wuce asibiti kai tsaye don in ba shi labari. Na rungume shi, ya cusa fuska a mayafina yadda ya saba. Ban gama maganar ba ya fara tari, sai ƙirjin ya soma wannan fito da ka sani, leɓɓansa suka sauya kala. Wata nas ce ta janye ni, ta sunsuni mayafin, ta tambaye ni daga wane gareji nake. Ni hancina ya riga ya saba da warin, wallahi ban ji komai ba.

Likita bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi in warin da ya bi tufafi ya yi haka, in yi tunanin abin da ɗakin kansa zai yi.

Mun buɗe tagogi, mun kunna fanka, maƙwabciya ta sa mun jera gawayi da yankakkiyar albasa a kwanuka. Warin na nan daram, har falo ya leƙo. Ƙanenka ya zo da abin kankara zai kankare aikinsa, likita ya hana, wai ƙurar fentin ta fi warin haɗari. A shafe da wani fenti kuma, an ƙara wari kan wari. Tun jiya Mai Fenti bai yi wasa da ni ba, yana zaune a bakin ƙofar asibiti kamar wanda aka aiko ya manta saƙon.

Yau da na ƙwanƙwasa gilashin, Direba ya buɗe ido ya ɗora hannu a kansa, alamar hular kwano. Kwaɗonsa yake tambaya. Na gyaɗa masa kai, ban san me nake amsawa ba. Tsoro nake ji, Baban Direba. Ina tsoron in kawo shi gidan, ina kuma tsoron ya gane alkawarin da ya shanye ɗacin magani dominsa ba zai shiga ya taɓa shi ba.

Taka,
Maman Direba

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka, kada ka bar aikinka, mun dawo gida.

Likita bai sake mu ba sai da muka rufe ɗakin. Ƙanenka ya liƙe ƙofar da salatif ta kowace kafa, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya bar ƙaramar tagar baya kaɗai a buɗe. An wanke labule, an goge falo, gadon yaron ya koma ɗakinmu. Sai warin ya mutu za a buɗe, kuma babu mai iya cewa yaushe.

Da muka shigo, kai tsaye Direba ya nufi ƙofar. Ya ga salatif, ya juyo ya kalle ni. Bai yi kuka ba, ya dai zauna a ƙasa ya ƙi abinci, numfashinsa ya fara sauri. Ina riƙe da abin shaƙarsa a hannu, ina sauraron ƙirjin.

Mai Fenti ne ya sure shi ya aza a wuya, ya zagaya da shi tsakar gida wajen babbar tagar da ke kulle. Rana ta haska bangon, ga kwaɗon nan da jar hularsa. Direba ya manna goshi a gilashin. Can ya tambaye ni ko shi ma kwaɗon an kwantar da shi ne. Na ce eh. Ya ce to kada kowa ya shiga, a bar shi ya warke. Sai ya lanƙwasa ɗan yatsansa ya ƙwanƙwasa masa gilashin a hankali, daidai yadda nake yi masa a asibiti.

Ƙanenka ya juya baya wai wani abu ya faɗa masa a ido. Ni ban ɓoye hawayena ba.

Direba ya ci abinci, numfashin ya daidaita. Ya ce in gaya maka in za ka zo ka taho da tsarabar dubiya, akwai mara lafiya a gidan.

Matarka mai kewarka,
Maman Direba