Kuɗin Gyaran Esin A-kori-kura

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya Legas? Mutanen Daura kowa lafiya.

Inna ta gaya mini abin da ka faɗa mata a waya, wai na mayar da a-kori-kurarka saniyar tatsa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Da ka bar mini motar a hannuna, kai ka ce kada in kai ta wurin kowa sai surukinka, Malam Iliya. Sau uku esi, wato na'urar sanyaya motar, yana daina sanyi, sau uku yana ɗura masa gas kawai, dubu goma sha biyar kowane zuwa. Na ce, "Malam, ba za a nemo inda yake zuba ba?" Ya ce, "Yaro, digirin naka na esi ne?"

A karo na huɗu na kai wa wani bakanike a hanyar Mai'adua. Ruwan sabulu ya shafa wa tiyon gas ɗin, sai ga huda tana tayar da kumfa. Sabon tiyo da gas da ladan aiki, dubu ashirin da takwas. Yau wata guda, sanyi bai ragu ba.

Dubu arba'in da biyar ɗinka suna wurin surukinka. Kunya ta hana ka tambayarsa, shi ne ka juyo kaina. Ka kira Inna ka janye maganarka. Kafin nan makullin yana hannunta, ba zan sake taɓa motar ba.

Ka gaishe da yara. A sa ni a addu'a, har yanzu ban sami aiki ba.

Ƙaninka,
Nura